Awo a Agege

Shagona yana bayan layin dogo a Agege,
in jirgi ya wuce har allura sai ta yi rawa.
Littafin awona kashi biyu ne tun zuwana Ikko,
gaba na maza, baya na mata,
tsakiya ba kowa sai ƙusoshi biyu da suka yi tsatsa.

Wata Laraba ana yayyafi
Kyauta ya shigo. Ko ta shigo.
Ka ji inda harshena ya fara tuntuɓe.
Shadda ruwan toka, yadi huɗu, a hammata,
murya mai kauri kamar ta ladan da mura,
tafin hannu duk kanta,
gira kuwa sai ka ce da alƙalami aka ja ta.

Sallau yarona ya matso kunnena: mata-maza.
Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin keke.

Kalmar ba baƙuwata ba ce, tun Gumel na san ta.
Haka kakata ke kiran gwandar bayan ɗaki,
wadda ta yi furen namiji kuma ta zuba 'ya'ya.
Ba ta sare ta ba.
Mun sha, har maƙwabta sun samu.
Haka mahauta ke cewa a Oko-Oba
in sun ɗaga wutsiyar akuya magana ta ƙi yankuwa,
sai mai saye ya nemi ragi.
Malam Zubairu a karatun gado hunsa ya ce,
ya ware rabin rabon ɗa, ya haɗa da rabin na 'ya,
bai yi dariya ba, bai bari mun yi ba.
A bakin 'yan acaba kuwa tsakuwa ce,
a jefa, a murɗa hannu, a bar ka da hayaƙi.

Dubi ma yadda aka ƙera ta.
Mata jam'i, maza jam'i,
taron biki biyu aka ɗora wa mutum guda,
da ɗan karan ɗori a tsakani kamar gadar Eko:
dubbai na bi ta kai suna sauri,
wasu kuwa a ƙarƙashinta suke kwana.

Iya Bisola mai amala ta leƙo ta taga,
ta ce o ti de, ta koma kan tukunyarta.
Ya zo ne, ta zo ce, a Yarabanci duk bakinsu ɗaya.
Na yi mata hassada ran nan.
Mu Hausa ba ta barin ka gaisa
sai ka zaɓa: ka kwana lafiya, kin kwana lafiya,
tun kafin a ba baƙo ruwa.

Can na tuna da ku,
wadda muke ajiye wa surukai da manya.
Na ce sannunku da zuwa, wane ɗinki kuke so?

Kafaɗa sha takwas.
Ƙugu arba'in da biyu.
Tsawo har gwiwa da ɗan ƙari.
Tef bai tambayi kowa komai ba,
lamba ya ba ni, na karɓa.

Amsa ta zo a hankali, ido na kan almakashi:
riga mai aljihu biyu,
wadda zan shiga danfo da ita
ba a kalle ni sau biyu ba.
Na ce aljihu dai aikina ne,
idon mutanen Oshodi kuwa sai Allah.
Muka yi dariya, ta farko a ranar.

Na buɗe littafi gaba, na buɗe baya,
biro na rataye kamar ɗigon ruwa a bakin kwano.
Sai na baje shi a tsakiya, kan tsatsar nan,
na rubuta Kyauta, Asabar, an ba da rabi.

Ran Asabar riga ta zauna daidai,
sai hannun hagu da na rage da rabin inci.
Aka cika mini kuɗina ba ciniki.
Sallau ya naɗe ta a leda, ya miƙa da hannu biyu,
ya buɗe baki, na ga kalmar ta taso masa,
ya haɗiye ta da yawu,
ya ce ku gaida gida.

Jirgin ƙarfe huɗu ya wuce,
allura ta yi rawarta ta gama.